Jimar Fatar Barewa a Bakori

Garinmu Bakori yana kudancin Jihar Katsina, a kan hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta nufi Malumfashi. Ƙasar noma ce ƙwarai. Ana noma dawa da masara da auduga, a fadamu kuwa ana dasa rake da tumatir. Amma noman tudu aikin damina ne. In kaka ta yi, aka kai amfani gida, aka cika rumbuna, sai ko wane magidanci ya koma ga sana'arsa ta rani. Wani ya kama saƙa, wani ƙira, wani ya ɗora wa jaki mangala ya shiga fatauci. Sana'ar kawuna, watau wan mahaifiyata, jima ce. A gidansa na ga yadda a ke jeme fatar barewa, tun ana ciniki da sule da sisi, kafin naira ta fito a 1973. Abin da na gani shi na ke so in gaya muku.

Bari mu fara da sanin jimar kanta. Ɗanyar fata 'yar'uwar nama ce. In an bar ta da danshi, kwana biyu sai ta yi wari, gashinta ya zube, tsutsa ta shige ta. In kuwa an bar ta ta bushe, sai ta ƙandare ta zama kamar katako, ba ta lanƙwasuwa, ran da ruwa ya taɓa ta kuma ta koma ruɓa. To, jima ita ce dabarar da a ke yi wa fata don ta yi laushi, ta daina saurin ruɓa. Mai wannan sana'a shi ne majemi. In suna da yawa a ce majema, wurin aikinsu ma majema a ke ce masa. Kada ku haɗa majemi da baduku. Majemi ke gyara fata, baduku ya saya ya ɗinka takalmi da jaka da gafaka da kube.

Yawancin aikin Kawu fatun awaki ne da na tumaki. Amma da rani, sa'ad da ciyawa ta bushe, maharba su kan kawo masa fatun namun daji. Wadda a ka fi so ita ce ta barewa. Bayanta ja-ja ne, cikinta fari fat, ga wani baƙin zane siriri a haƙarƙari. Akwai ta gada, ita ƙarama ce, launinta toka-toka. Wani lokaci kuma a kawo ta mazo, mai ɗigo-ɗigon fari da zane-zane. Fatar barewa a kan jeme ta da gashinta, a yi buzu na salla, ko na zaman malami. Ta gada kuwa sau da yawa a kan cire gashin, a yi rufin laya ko kuben wuƙa.

Wata rana da hantsi ina zaune a zaure, sai ga wani maharbi ya yi sallama, da fatar barewa a naɗe a hammata. Kawu ya amsa, ya ce, "Maraba da mutanen daji. Ina gajiya?"

Ya ce, "Ba gajiya, Malam. Ga ɗan abin da Allah ya hore."

Kawu bai taɓa fatar ba tukuna, sai ya tambaye shi, "An yanka ta?"

Maharbi ya ce, "Da ranta na same ta, ni na yanka da hannuna jiya da la'asar."

Sa'an nan Kawu ya karɓa, ya warware, ya shinshina, ya ja gashin da yatsa biyu ya ga ko zai tsige. Ya ɗaga ta sama ta fuskar rana yana duban inda haske ke shigowa. Ya sami huda ɗaya ta harbi a wuya, ya ce wannan ba laifi, gama a gefe ta ke. Suka yi ciniki, ya biya, maharbi ya yi godiya ya tafi.

Na ce, "Kawu, don me ka tambaya ko an yanka ta? Ai fata mu ke so, ba nama ba."

Ya ce, "Ɗan nan, dalili biyu ne. Na fari, buzun salla za mu yi, malamanmu kuwa sun karanta mana a Risala cewa fatar mushe ko an jeme ta ba a salla a kanta. Na biyu, dabbar da ta mutu don kanta ba ka san abin da ya kashe ta ba."

Maganarsa ta biyu likitocin dabbobi ma sun tabbatar da ita. Akwai wata muguwar cuta, ciwon saifa, wadda kan kashe dabba farat ɗaya. Ƙwayoyinta su kan zauna a fata da gashi shekara da shekaru, su kama mai fiɗa ko majemi. A 2023 ma ta ɓulla a wata gonar dabbobi kusa da Suleja. Saboda haka in kun tarar da mushe a daji, kada ku taɓa, ku gaya wa manya.

Aikin fari shi ne wanki da karta. Kawu ya wanke fatar da ruwan rijiya har jini da ƙasa suka fita. Ya shimfiɗa ta a kan wani gungumen icce mai santsi, gashi a ƙasa, ya ɗauko kartaji. Kartaji wani ƙarfe ne mai faɗi, da mariƙi a ko wane gefe, ana riƙe shi da hannu biyu. Da shi ya yi ta kankare sauran nama da kitse da tantanin da ke manne a jikin fatar. Fatar barewa ba ta da kauri, in an danna da ƙarfi sai ta huje, in an yi sako-sako kuma kitse ya rage ya hana magani shiga. Don haka a hankali ya ke yi, daga tsakiya zuwa gefe, ba ya ko son a yi masa magana.

Nawa aikin shi ne dakan bagaruwa, wadda waɗansu ke kira gabaruwa. Kun san itacen, mai ƙaya, mai fure rawaya, ya fi son bakin fadama. 'Ya'yansa a ke tsinkowa in sun bushe, a zuba a turmi a daka, a sheƙe a fid da ƙwayoyin, a ɗauki garin ɓawon. In kun taɓa ɗanɗana ɓawon bagaruwa, kun ji yana da bauri mai kama baki. To, baurin nan shi ne maganin. Masana suna kiran sinadarin da ke kawo shi tanin. In ya shiga fata, sai ya kama zaruruwan da ke cikinta ya ɗaure su, har ƙwayoyin da ke sa ruɓa su rasa abin ci.

Kawu ya kwaɓa garin da ruwa, ya yi kauri kamar kunu. Ya shafe cikin fatar da shi tas, har ƙafafu da wutsiya, ya ninke ta gashi a waje, ya ajiye a inuwa, ya rufe da tsohuwar tabarma. Kashegari ya buɗe, ya karkaɗe tsohon garin, ya yi ta murza fatar da hannu, ya sāke shafa sabo. Haka ya yi ta yi kullum safiya. Da aka kwana uku na ga cikin fatar ya yi ja, na ce, "Kawu, ai ta jemu."

Ya yi dariya ya ce, "Jima sai an jima. Kawo wuƙa."

Ya yanki ɗan ƙyalle a wuya, inda fata ta fi kauri, ya nuna mini bakin yankan. Sama da ƙasa sun yi ja, amma ga wani farin zare a tsakiya. Ya ce, "Ka ga farin nan? Ɗanye ne. In na tsaya nan, mai saye ba zai gane ba, zai biya ni kuɗina. Amma damina na zuwa buzun zai yi wari ya tsage, ya ce majemin Bakori ya cuce shi." Sai da aka yi mako guda, ya sāke yanka, ya ga jan ya ratsa ko'ina, kāna ya yarda.

Daga nan ya ɗauraye ta, ya matse, ya shafa wa cikinta man gyaɗa kaɗan, ya rataye a inuwa. Bai bar ta ta bushe sarai ba. Da sauran danshi ya sauko da ita, ya taka gefe ɗaya da ƙafa, ya yi ta ja, yana juyawa, yana goga cikinta a kan gungume. In ta ƙara bushewa ya sāke ja. Dalili kuwa, in fata ta bushe a kwance, zaruruwanta su kan manne da juna ta yi tauri. Ja da murza su ke raba su, mai kuma ya shiga tsakani ya hana su sāke mannewa. Da ya gama, ya goge cikin da dutse mai kaushi, ya taje gashin. Fatar nan ta yi laushi har ana iya naɗe ta a sa a aljihun babbar riga. Wani malamin allo ya saya. Na girma na bar gari na dawo, na tarar da shi yana zaune a kanta yana biya wa almajirai karatu.

Fatar da za a cire wa gashi, kamar ta gada ko ta akuya, hanyarta ta fi tsawo. In busasshiya ce, a jiƙa ta a ruwa ta kwana ta yi laushi. Sa'an nan a tsoma ta cikin ruwan toka mai kaifi ta yi kwana biyu ko uku. Toka ke cin saiwar gashi, har in an goga da kartaji ya fita salin alin. Ruwan nan yana cin hannu, shi ya sa Kawu ba ya barin yara su sa hannu a ciki, da sanda ya ke juyawa.

Fatar da ta fito daga toka ta kan kumbura ta yi tauri. Don a saukar da ita, a kan daka fataka, watau wani tsiro mai yaɗo, mai farin ruwa kamar nono, a zuba a ruwa a jiƙa fatar ta kwana. Waɗansu majema kashin tattabaru ko na kaji su ke sa wa. Nan ne warin jima ya ke, shi ya sa a ke kafa majema a bayan gari. Yara su kan wuce suna toshe hanci. Kawu ba ya fushi, sai ya ce, "Ku toshe, ran salla kwa zo neman takalmi."

In an wanke ta an sāke kartawa, sai bagaruwa. Wannan karon tsoma ta a ke yi cikin kwatarniya. Da fari a sa ta a tsohon ruwan bagaruwa wanda ƙarfinsa ya ragu, daga baya a mai da ita cikin sabo. In aka fara da mai ƙarfi, sai bayan fatar ya jemu nan da nan ya toshe, magani ya kasa kaiwa ciki. Ana cuɗa ta safe da yamma, kwana biyu ko uku, har yanka ya nuna ta jemu.

Na lura Kawu ba ya jiƙa bagaruwa sai a kwatarniyar ƙasa, ba ya yarda ƙarfe ya kwana a ciki. Ku ma kuna iya gwada dalilin a makaranta. Ku jiƙa garin bagaruwa a ƙoƙo, ku jefa tsohuwar ƙusa mai tsatsa, ku bar shi ya kwana. Da safe za ku ga ruwan ya yi baƙi, domin tanin in ya gamu da ƙarfe baƙi ya ke zama. Da wannan dabara dukawa ke yin kuloko, baƙin rinin da su ke zane da shi a kan fata. Kashin maƙera su ke jiƙawa, in sun shafa ruwan a fatar da ta sha bagaruwa, sai wurin ya yi baƙi ƙirin. Jan rini kuwa daga karan dafi a ke samunsa, watau wata irin dawa mai jan kube, a haɗa da kanwa. Rawaya kuma daga gangamau.

Kada ku zaci wannan ƙaramar sana'a ce. A 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya biyo ta Katsina ya shiga Kano. Ya rubuta cewa ana ɗaukar takalma da jemammun fatu daga Kano a ƙetare hamada da su har Tarabulus. Turawa su kan sayi fatun jar akuyar Sakkwato da Maraɗi a hannun fataken Arewacin Afirka, suna kiransu fatun Maroko, suna rufe littattafai masu tsada da su. Alhali kuwa da yawansu majemanmu ne suka jeme su da bagaruwa. Yanzu akwai masana'antun jima a Kano, a Sharaɗa da Calawa, inda a ke aiki da inji da wani sinadari mai suna kurom, a gama cikin kwana ɗaya abin da kan ci wa majemi kwanaki. A Samaru ta Zariya kuma akwai cibiyar binciken fata ta ƙasa, wadda a ka kafa tushenta a 1964.

Ko wace ƙasa da irin dabararta. A Amurka akwai wata dabba mai kama da barewa, ƙahon namijinta yana da rassa kamar icce, yana zubewa ko wace shekara ya sāke tsirowa. Mutanen asalin ƙasar ba su da bagaruwa. Ƙwaƙwalwar dabbar su ke damawa su shafe fatar da ita, su yi ta ja har ta yi laushi, sa'an nan su turara ta da hayaƙi don kada ta ƙandare in ruwa ya taɓa ta. Kun ga ko'ina mutum da abin da Allah ya ajiye masa kusa ya ke aiki.

To, yanzu ga abin da ke damuna. Tun Kawu yana da rai fatun barewa suka fara wuya. Da ya kan sami da dama a rani guda, daga baya sai rani ya wuce ba a kawo ko ɗaya ba. Yau yaro zai girma a Bakori bai taɓa ganin barewa ba, sai dai ya ji ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Dalilan ba a ɓoye su ke ba. A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya wajen miliyan 55 ne, yanzu sun haura miliyan 200. Dajin da barewa ke kiwo ya zama gona. Ga ƙunar daji da rani, ga bindiga ta maye gurbin kwari da baka. Barewa kuwa ɗa ɗaya ta kan haifa bayan ciki na wajen wata 6. In ana kashewa fiye da yadda a ke haifa, ai ƙarshenta a wayi gari babu.

Hukuma ta daɗe da ganin haka. A 1956 aka keɓe dajin Yankari a ƙasar Bauci don namun daji su sami mafaka. A 1963 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar namun daji, a 1985 kuma Gwamnatin Tarayya ta yi dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa. Dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari, wanda ba shi da nisa ƙwarai da mu, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. Ƙungiyar duniya mai kula da halittu, IUCN, ita ma ta sa barewarmu cikin jerin dabbobin da a ke tsoron ƙarewarsu. Amma doka a takarda ta ke. Mai kiyaye barewa na gaskiya shi ne wanda ya gan ta ya ƙyale ta, da wanda a ka kawo wa fatarta ya ƙi saye.

Wannan ba zai kashe jima ba. Duk abin da na faɗa muku ana yin sa da fatar akuya da ta rago, ga su nan kuwa ko wane gida. Akuya ta kan haihu bayan wata 5, sau da yawa ma tagwaye. Ku dubi ran babbar salla, fatu nawa a ke fiɗewa a unguwarku? Nawa ne a ke hudawa da wuƙa don gaggawa? Nawa a ke yarwa a rana har su ƙone, ko a bari a ƙasa karnuka su ja? Ko wace ɗaya da ta lalace, buzu ne ko takalmi ko gafaka aka yi hasara.

Ga abin da yaro zai iya yi. In ana fiɗa, ya roƙi mai fiɗa ya yi amfani da dunƙulen hannu wajen raba fata da nama, ya rage sa wuƙa. In an gama, a wanke jinin, a barbaɗa gishiri a cikin fatar, ko a miƙe ta da igiya a inuwa inda iska ke ratsawa. Kada a shanya ta a rana tsaka, gama bayanta zai bushe ya ƙone, cikinta kuwa yana ɗanye. Sa'an nan a kai wa majemi da wuri. In akwai tsohon majemi a garinku, ku je ku gaishe shi, ku ce, "Baba, mun zo mu taya ka dakan bagaruwa." Zai yi murna, kuma abin da zai nuna muku a mako guda ya fi abin da na rubuta a nan.

Allah ya sa ku girma ku iya jima, ku kuma ga barewa tana tsalle a daji da fatarta a jikinta. Amin.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin majemi da baduku?
2. Don me majemi ya ke tambaya ko an yanka dabba kafin ya karɓi fatarta?
3. Yaya a ke gane fata ta jemu?
4. Me zai faru in an jefa ƙusa mai tsatsa cikin ruwan bagaruwa? Ku gwada ku gani.
5. Kawo dalilai uku da suka sa barewa ta yi wuya a ƙasarmu.
6. Yaya za ka adana fatar ragon layya kafin a kai wa majemi?